Yadda ake rubuta wasiyya kafin a shiga tiyata

Likita ya sa rana. An biya kuɗin aiki, an samo masu ba da jini, dangi sun raba wa juna kwana a asibiti. Amma ranar da majinyaci ya ce a miƙo masa takarda da biro zai rubuta wasiyya, sai ɗaki ya yi tsit. Uwargida ta fara share hawaye da bakin mayafi, babban wa ya ce, "Haba Malam, daina yi wa kanka mugun fata, aikin ƙaba ne fa." Daga nan sai a rufe maganar.

Ni dai shawarata ita ce a rubuta. Yawancin tiyatar da aka tsara aka sa mata rana, mutum yana shiga ya fito ya koma gida. Wasiyya dama aiki ne da ke kan mai lafiya. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar cewa bai kamata Musulmin da yake da abin yin wasiyya a kai ya kwana biyu ba sai wasiyyarsa tana rubuce a wurinsa. Tiyata tunatarwa ce kawai, don ba kasafai mutum ke sanin rana da sa'ar da za a gusar masa da hankali ba.

Masu camfin cewa wasiyya kiran ajali ce su duba Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas. A shekarar Hajjin Bankwana ya kwanta ciwo a Makka har ya fitar da rai, a lokacin 'ya ɗaya gare shi. Ya nemi Annabi (SAW) ya ba shi izinin yin wasiyya da kashi biyu cikin uku na dukiyarsa, aka hana shi. Ya ce rabi, aka hana. Aka tsaya a sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, aka kuma ce masa sulusin ma da yawa. Sa'adu ya warke, ya jagoranci yaƙin Ƙadisiyya, ya haifi 'ya'ya da dama, ya ƙara fiye da shekara 40 a duniya.

Mataki na farko: tambayi likitanka, kuma ka fara da wuri

Ka tambayi likitan da zai yi aikin da wanda zai yi allurar barci: barci gaba ɗaya za a sa ni, ko rabin jiki za a kashe? Kwana nawa zan yi ban iya tafiyar da al'amurana ba? Da hawan jinina ko ciwon sukarina, wane irin haɗari ake tsoro? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 a Najeriya ta ɗora wa ma'aikacin lafiya ya yi maka bayanin halin da kake ciki da haɗarin magani cikin harshen da kake ji. Cire yanar ido daban, aikin zuciya daban, kuma amsar da ka samu ita za ta nuna maka yawan shirin da kake buƙata.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka gama komai a gida, mako guda kafin a ba ka gado. Wasiyyar da aka rubuta bayan an yi wa mutum allurar kashe zafi mai sa maye, ko yana cikin zafin zazzaɓi, ita ce wadda magajin da bai ji daɗinta ba zai fara cewa ai Baba ba ya cikin hayyacinsa. Idan aikin gaggawa ne, kira mutum biyu nagari ka faɗa musu da baki. Wasiyyar baki tana inganta a Musulunci idan akwai shaidu. Amma kada a jinkirta aikin ceton rai don neman biro.

Mataki na biyu: bashi da amana

Nan ne zuciyar maganar. Mutane da yawa suna ɗauka wasiyya rabon dukiya ce, shi ya sa talaka ke cewa me na tara da zan yi wasiyya. Rabon gado an riga an gama shi a Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12 da ta 176. Abin da ya rage a wuyanka shi ne abin da kai kaɗai ka sani. Malamai sun ce wasiyyar kyauta mustahabbi ce, amma ta bashi da ajiyar da ba wanda ya san da su wajibi ce, don in ka yi shiru haƙƙin wani ya salwanta.

Daren yaƙin Uhudu, Abdullahi mahaifin Jabir ya kira ɗansa. Abu biyu ya bar masa: akwai bashi a kaina ka biya, kuma ka riƙe 'yan'uwanka mata da alheri. Zubairu ɗan Awwam ma ranar yaƙin Raƙumi, bashinsa ne babban abin da ya dame shi. Da ɗansa Abdullahi ya lissafa, ya tarar ya kai miliyan 2 da dubu 200 na kuɗin wancan zamani, mafi yawansa ajiyar mutane ce da Zubairu ke mayarwa rance a kansa don gudun ta ɓata. Bayan ya biya, Abdullahi ya ƙi raba gadon sai da ya yi shela a lokacin aikin Hajji shekara huɗu a jere, ko akwai sauran mai bin mahaifinsa.

Ka sami littafi ka ware shafi uku. A na farko rubuta waɗanda ke bin ka: suna, garin da yake, nawa ne, yaushe, akwai takarda ko babu. Kada ka raina ƙananan: mai shago na bakin layi, mai kemis, ragowar kuɗin makarantar yara, kuɗin haya, zubin adashin da ka riga ka kwasa, rancen ƙungiyar ma'aikata, da kuɗin da ka ranto don wannan tiyatar kanta. Wanda aka fi mantawa shi ne na cikin gida. Ragowar sadaki bashi ne. Sarƙar gwal ɗin da matarka ta sayar ka ƙara a jari bashi ce, sai fa in ta ce ta yafe da bakinta, ba don kunya ba.

Shafi na biyu na waɗanda kake bi ne. Ka rubuta su ko da kana jin nauyin mutumin, don daga ranar da rai ya yi halinsa kuɗin ya zama na marayu. In kana son yafe wa wani, ka yi yanzu ka sanar da shi.

Shafi na uku na amana ne: buhunan da wani ya ajiye a rumbunka, kuɗin masallacin da ke cikin asusunka, takardar filin da aka jinginar maka, shanun da kake kiwo na wani, gadon ƙannenka da kake juyawa tun rasuwar mahaifinku. Na taɓa zama a wurin wani rabon gado inda aka tarar da takardun fili uku a akwatin mamaci da sunan wani mutum daban. Mutumin ya ce ajiya ya kawo, 'ya'yan suka ce ubansu ya saya bai canja suna ba. Wataƙila kowa gaskiyarsa yake faɗa. Layi ɗaya da hannun marigayin da ya kashe maganar, amma har yau gidajen biyu ba sa gaisawa.

Akwai kuma bashin Allah. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta ce zakkar da mutum ya yi sakaci da ita, idan ya yi wasiyya a fitar, daga sulusi ake fitarwa kuma tana gaban sauran wasiyyoyi. In kana da halin biya kafin ranar aikin, wannan ya fi.

Mataki na uku: ware naka daga na wasu

Yanzu lissafa abin da ka mallaka da inda takardunsa suke: gida, gona, shago, mota ko babur, dabbobi da sunan wanda ke kiwonsu, bankuna, har da su Opay da Moniepoint da ke cikin waya kawai. Idan kasuwancin haɗin gwiwa kuke yi da ƙaninka, ku zauna ku rubuta kason kowa ku sa hannu tare.

Ke kuma 'yar'uwa, wannan matakin ya fi shafarki. Kayan ɗakinki, gwal ɗinki, awakin da kika ba da kiwo a ƙauye, kuɗin da kika zuba a ginin gidan maigida, duk naki ne, kuma iyayenki da 'ya'yanki suna da gado a ciki. Rubuta su. In uwar adashi ce ke, littafin zubi ya zama a bayyane: wa ta kwasa, wa ta rage. Mai shirin haihuwa ta hanyar tiyata ta san cewa Imam Malik a Muwaɗɗa ya ce mai cikin da ta cika wata shida hukuncinta a kyauta kamar na majinyaci ne, ba ta wuce sulusi.

Mataki na huɗu: sulusi, in kana so

Ga jerin yadda ake taɓa dukiyar mamaci: hidimar jana'iza, sannan bashi, sannan wasiyya, sannan gado. Sulusin daga abin da ya rage bayan bashi ake lissafa shi, kuma da dukiyar ranar rasuwa, ba ta ranar rubutu ba. A misali, mutum ya bar abin da ya kai naira miliyan 12, jana'iza da basussuka suka ci miliyan 3. Saura miliyan 9, iyakar wasiyyarsa miliyan 3 ke nan. Shi ya sa ya fi kyau ka rubuta kaso, kamar kashi ɗaya cikin goma, maimakon adadin kuɗi, musamman yadda darajar naira ke sauyawa da yadda jinya ke cin dukiya.

Ƙa'ida ta biyu, babu wasiyya ga magaji. Ba za ka ce gidan kaza na amarya ne, ko shagon na autanka ne ba, sai in sauran magada sun amince, kuma ƙaramin yaro ba shi da ikon amincewa. Wanda yake magaji ana duba shi ne ranar rasuwa. Ƙaninka ba ya gadonka in kana da ɗa namiji, don haka za ka iya yi masa wasiyya.

To wa ya fi cancanta? A ganina, na farko shi ne jikan da ubansa ya riga ka rasuwa. A fiƙihun Malikiyya da kotunanmu ke bi, baffanninsa suna katange shi, ba ya samun ko sisi. Masar ta yi doka a 1946 ta mayar da irin wannan wasiyyar tilas, amma a wurinmu sai kakan ya yi da kansa. Bayansa akwai agola, ɗan riƙo, yaron shagon da ya yi maka shekara 15, gwaggon da kake ciyarwa, da ɗan'uwan da ba Musulmi ba, wanda ba ya gado amma wasiyya gare shi ta halatta. Sai rijiya, masallaci ko islamiyya. In dukiyar kaɗan ce kuma 'ya'ya ƙanana ne, ka tuna dalilin da aka ba Sa'adu: ka bar magadanka a wadace ya fi ka bar su suna roƙon mutane.

Ka yi hattara da kyautar firgici. Malikiyya sun ce mai ciwon da likitoci suka san ana yawan mutuwa da shi, kyautarsa a rataye take. In ya rasu, ta koma cikin sulusi. In ya warke, ta tabbata gaba ɗaya. Wato wanda ya ce "na ba ka gonata" daren tiyata, yana iya farkawa ya tarar ba shi da gona. Wasiyya kuwa kana iya janye ta duk ranar da ka so. Sakin mace a irin wannan ciwon don a hana ta tumuninta ma ba ya aiki, tana gado ko ta gama idda. Haka Sayyidina Usman ya hukunta wa matar Abdurrahman ɗan Aufu.

Mataki na biyar: wasiyyi daban, wakili daban

Wasiyyi shi ne wanda zai biya bashin, ya zartar da wasiyyar, ya kula da dukiyar yara ƙanana bayan rasuwa. Ka zaɓi mai amana da ya iya lissafi, ko da ba shi ne babba a gida ba, kuma mace tana iya zama. Ka tambaye shi tukuna, ka kuma sa na biyu ko da na farkon ya gaza.

Wakili kuwa na lokacin da kake raye ne amma kana kwance: wanda zai sa hannu in likita ya buƙaci ƙarin aiki, ya biya kuɗin magani, ya ba da cefane, ya buɗe shago. Ka faɗa wa likita sunansa, mutum ɗaya tak, don kada wa da mata su tsaya suna jayayya a ƙofar tiyata. Ka ware masa kuɗin jinya daban. In ka ba shi katin banki da lambar sirri, ka gaya masa a fili cewa wakilcin yana ƙarewa da fitar rai. Cire kuɗi daga asusun mamaci kafin rabo, ko da sunan sadakar uku ne, cin dukiyar magada ne.

Masu tafiya Indiya ko Masar don aiki su ƙara layi ɗaya: in ta Allah ta kasance a can, a binne su a can ko a dawo da su. Ɗauko gawa a jirgi yana cin kuɗi sosai, kuma ɗan rakiya bai kamata ya yanke wannan shi kaɗai a baƙuwar ƙasa ba.

Mataki na shida: rubutawa da shaidu

Boko ko ajami, Hausa ko Larabci, duk ɗaya ne. Ga yadda za ta iya farawa:

"Bismillahir Rahmanir Rahim. Ni wane ɗan wane, mazaunin unguwa kaza, na rubuta wannan ranar kaza ga watan kaza, ina cikin hankalina, ba wanda ya tilasta ni. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu manzonsa ne. Wannan ta soke duk wasiyyar da na yi a baya. A biya basussukan da ke shafi na 1, a mayar da amanonin da ke shafi na 3. A ba jikana wane kashi ɗaya cikin shida na abin da ya rage. Sauran a raba wa magadana yadda shari'ar Musulunci ta tsara. Na naɗa wane ya zama wasiyyina. A zartar da wannan ko a wane lokaci na rasu."

Wannan jimlar ta ƙarshe da gangan na sa ta. Idan ka rubuta "in na mutu a wannan aikin", ka ɗaura mata sharaɗi, kuma a Malikiyya irin wannan tana iya faɗuwa da zarar ka warke. In abin da kake nufi ke nan, to faɗe shi a sarari.

Rubutun hannunka kaɗai bai wadatar ba. Muhtasar na Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, ya nuna cewa takardar da aka tsinta da rubutun mamaci, bai kafa mata shaidu ba kuma bai ce a zartar ba, ba a aiki da ita, don mai yiwuwa tunani yake yi bai yanke ba. Ka kira maza biyu adilai, kamar limamin unguwa da wani abokin arziki, waɗanda ba su da ko kwabo a ciki, su ma matansu haka. Su kasance tare a zama ɗaya, ka sa hannu a kowane shafi a gabansu, su ma su sa. Ba dole su karanta ba, ya isa ka ce musu ku shaida abin da ke cikin nan wasiyyata ce. Wanda bai iya karatu ba a karanta masa, ya dangwala yatsa, marubucin ya rubuta cewa an karanta masa ya fahimta. Bidiyo a waya ƙarin hujja ne, amma waya tana ɓata, tana kuma kullewa.

Mataki na bakwai: kotu, banki da fansho

Mai gidaje, hannun jari ko kamfani ya ga lauya tare da malamin da ya san gado. A 1971, a shari'ar Adesubokan da Yinusa, Kotun Ƙoli ta ce Musulmin da ya yi wasiyya ƙarƙashin dokar Ingila ta 1837 yana iya raba dukiyarsa yadda ya so. Daga baya jihohi irin su Kaduna da Kwara suka yi nasu dokokin da suka mayar da Musulmi kan ƙa'idar addininsa. Tun da abin ya bambanta daga jiha zuwa jiha, ka rubuta ƙarara cewa shari'ar Musulunci kake so a bi. Sashe na 277 na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa wasiyya da gadon Musulmi cikin hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a. Kirista kuwa iyakar sulusi ba ta hau kansa ba, amma rubutu, sa hannu da shaidu biyu a zama ɗaya dole ne, kuma ana iya ajiye takardar a ofishin rajistar wasiyya na Babbar Kotun jiha.

Sunan da ka cike a gurbin ɗan'uwa mafi kusa a fom ɗin banki ba ya mayar da mutum mai kuɗin. Shi ne dai wanda za a tuntuɓa. Banki zai nemi takardar kotu kafin ya saki komai. Ma'aikacin da ke ƙarƙashin dokar fansho ta 2014 ya rubuta sunan kamfanin fanshonsa da lambarsa, ya kuma sanar da iyali cewa dokar ta wajabta wa wurin aiki inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. Iyalai da yawa ba sa nema don ba su san da ita ba.

Mataki na takwas: ajiya, da abin da za ka ce a gida

Yi kwafi biyu ko uku. Ɗaya a wurin wasiyyi, ɗaya a wurin liman ko lauya, asalin kuma inda iyali suka sani. Lambobin sirri kada su shiga cikin wasiyyar, tunda idanu da yawa za su gan ta. Sa su a ambulan daban ka liƙe.

Ba sai ka tara gida ana koke-koke ba. Bayan sallar isha'i ka ce wa maiɗakinka, "Hajiya, na rubuta basussukana da ajiyar mutane, takardar tana wurin Malam liman. Sunna ce na cika, in sha Allahu da ƙafata zan dawo." In mata biyu ne ko fiye, kowacce ta ji daga bakinka a rana ɗaya. Ka nemi gafarar iyaye da wanda kuka saɓa, wannan ba ya buƙatar shaidu.

Bayan an sallame ka, ƙarfi ya dawo, karɓo takardar ka sake karantawa. Soke bashin da ka biya, ƙara na jinyar da aka ci, karɓi katin bankinka ka canja lambar sirri. In ka yi gyara mai yawa, sake rubuta sabuwa da sabon kwanan wata, a kira shaidu su sa hannu, a tattaro tsofaffin kwafin duka a yaga. Haka za ka riƙa yi duk lokacin da aka yi haihuwa, aure, saki ko rasuwa a gidan, ko ka sayi fili ko ka sayar.